Abin da Magagi Ya Faɗa a Kasuwar Filinge

Magagi manomi ne a wani ƙauye kusa da Tabla, ya haura shekara saba'in. Tun yana saurayi shanunsa suke hannun Bubakar makiyayi, kuma ba a taɓa jin kansu ba.

Bana tansiyo, wato hawan jini, ta kama Magagi, aka ɗora shi kan magani, ɗiyarsa Dijatu kuma ta daina sa masa gishiri a miya kwata-kwata. Duk da haka bai bar noman hatsi ba. Yini yake yana zufa yana ɗirkar ruwa.

Ranar kasuwar Filinge ya tashi kansa na juyawa, amma ya tafi. A wajen masu dabbobi ya hangi Bubakar, ya cafke masa riga yana ihu: "Ɓarawo! Ina bijimina?" Bijimin kuwa ya mutu tun wata shekarar fari, a gaban idon Magagi. Mutane suka taru. Ana cikin haka Magagi ya yanke jiki ya faɗi.

A gidan likita majo mai kula da majinyata ta yi wa Dijatu bayani: "Gishirin jininsa ne ya yi ƙasa, shi ya rikita shi. Jiki yana fitar da wani sinadari mai sa ƙoda ta riƙe gishiri, in an tsufa sai ya ragu. Ga zufa, ga magani mai sa fitsari, ga miya lami. Ragewa aka ce, ba hanawa ba."

Dijatu ta sunkuyar da kai.

Da Magagi ya dawo hayyacinsa ya matsa mata sai da ta faɗa masa abin da ya yi. Ya tambayi wanda ya kawo shi likita. Ta ce Bubakar ne, a amalanke. Ya juya fuska bango.

Bayan an sallame shi ya daina fita, ko masallaci. Bubakar ya zo gaisuwa, Magagi ya sa aka ce yana barci. Bubakar ya zauna bayan dangar kara.

"Magagi, ina jin tarinka."



"Jama'a sun ji na kira ka ɓarawo," in ji Magagi daga ciki.

"Sun ji. To, hito mu tai masallaci tare, su gani."

Magagi ya daɗe zaune kafin ya laluɓi takalmansa. Suka bi ta tsakiyar gari, Bubakar na amsa gaisuwar mutane, shi kuwa bai ɗaga ido ya dubi kowa ba.