Hoton Tasalla da Ɗanta na Fari

Kwana uku Kubura ta yi tana ratsa ruwan ambaliya a Tungar Balbela da kyamara a wuya, don haka ba wanda ya yi mamaki da zazzaɓi ya rako ta har gida. Bayan sallar azahar ta zube a tabarma a ɗakin mahaifiyarta, haƙora na kaɗawa.

Zazzaɓin ma da sauƙi. Abin da ke cin ta hoto ɗaya ne cikin ɗari huɗu da ta ɗauko. Wata dattijuwa ce mai suna Tasalla, zaune cikin laka ba ɗankwali, ta ɗora kan ɗanta Nomau a cinya. Ƙato ne mai gemu, an tsamo shi daga ruwa a sume. Ta manna bakinta a goshinsa tana kiran sunansa da ƙarfi. To, Nomau ɗan fari ne, kuma kowa ya san uwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta rungume shi a bainar jama'a. Shekara talatin Tasalla na riƙe da wannan kunya, ruwa ya ƙwace mata ita cikin minti ɗaya. Da Nomau ya yi tari ya fara motsi, ta zame kansa ta ajiye, ta ja gefe kamar ba ita ba. Sai a lokacin ta ga kyamara. Ta ce, "'Yar nan, ki rufa mini asiri."

Editan jaridarsu, Malam Haladu, ya leƙa hoton a jikin kyamara da ta biya ta ofis. Ya ce na shafin farko ne, wannan fuskar kaɗai za ta sa motocin agaji su kama hanyar Tunga. Ya ba ta zuwa la'asar ta turo. Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa. Kubura ita ma 'yar fari ce, ta girma tana amsa "ke" da "waccan" daga bakin Inna har ta daina jiran wani abu daban. Ta san abin da Tasalla ke tsoro, ta kuma ga yaran da suka tare a kan rufin makaranta ba abinci. Tana cikin saƙa da warwara barci ya sace ta.

Tabarmar ta fara lilo. Ta duba, sai ga ruwa ya cika ɗakin, ja wur kamar an jiƙa zoɓo, bango kuma ya yi ta ja da baya har ya ɓace. Daga nesa wani abu ke tahowa da ƙafa uku, yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yadda zalɓe ke yi. Akwatin katako ne mai ido ɗaya, ya yafa baƙin mayafi. Ta gane shi, tsohon akwatin hoto ne, irin wanda mai ɗauka ke cusa kai a bayansa.

"Jikata," in ji shi, "ko gaisuwa babu?"

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa ya gajiya. Ya ce a zamaninsa sai mutum ya yi wanka, ya sa kwalli, ya gyara zaman hula, sannan a ƙirga masa uku. Jikokinsa kuwa, ya faɗa yana hararar kyamarar da ke wuyanta, ba sallama suke faɗa wa mutum, sun ɗauki goma kafin ya haɗiye yawu. Kyamarar ta ƙyafta ido, ta ce ƙasa-ƙasa ai gobara ba ta tsayawa a ƙirga mata uku. Kaka ya yi dariya har katakonsa ya yi ƙara, ya ce yaran yanzu baki gare su, amma ta yi gaskiya.

Ya ce ta biyo shi. Hanya ta shimfiɗu a kan ruwan, baƙa siririya, gefenta duk ƙananan huji. Fim ne, irin wanda ake naɗewa cikin kyamarorin da. A sama jaridu ke shawagi garke-garke suna kaɗa shafuka. Wata mai hoton mata a layin rijiya ta sauka a fako, nan take famfo ya tsiro. Wata mai hoton karyayyiyar gada ta sauka a bakin kogi, gadar ta miƙe ta haɗe. Kubura ta ji daɗi har cikin ranta, don saboda wannan ta bar aikin koyarwa ta ɗauki kyamara.

"Kin ga inda suke sauka ranar Litinin," in ji Kaka. "Zo ki ga Laraba."

Laraba kasuwa ce ba masu saye. Jaridun sun kwanta a tebura, an ƙunshe tsire da ƙosai a cikinsu, mai ya jiƙa fuskoki. A ƙarshen layi wani mutum na tsaye gaban rumfa mai ci da wuta, hannu biyu a ka, baki buɗe. Wutar ba ta motsi, shi ma haka. Ya yi magana ba tare da leɓensa ya motsa ba. Ya ce tuni ya sake gina rumfarsa, ya aurar da 'ya'ya, ya sauke farali, har ya rasu a kan gadonsa, amma a nan shekara arba'in ke nan ba a bar shi ya rufe baki ba. Ba ya riƙe kowa a zuci, don hoton ne ya sa aka kawo wa kasuwar motar kashe gobara. Roƙonsa ɗaya, in ba damuwa, ta sauke masa hannuwan nan, kafaɗunsa sun gaji. Ta kama ta ja, ta sake ja, sai ta ji alamar zai yage. Ta sake shi tana ba shi haƙuri, tausayi ya cika ta.

Ta juya ta tambayi Kaka ko ta tura hoton Tasalla ko ta bari.

"Ni ido ne kawai," ya ce. "Tambayi mai wanki."

Kasuwar ta naɗe kanta kamar tabarma, sai ga bakin rafi. Wata tsohuwa na zaune da ƙwarya uku a gabanta. Tana tsoma farar takarda a ta farko, ta juya a ta biyu, ta ɗauraye a ta uku, fuskoki na fitowa a hankali, sai ta shanya a igiyar da ba a ganin ƙarshenta. Kubura ta bi igiyar tana kallo. Ga wani magidanci yana tura tsokar nama ɓangaren matarsa lokacin da ta juya ɗebo ruwa. Ga wani malami mai yawan tsawa ya ɓuya a bayan ƙofa yana ɗinke wa ɗaliba takalmi. Duk sanin Kubura da aikin masu hoto, ba ta taɓa ganin ko ɗaya daga ciki ba. Ta tambayi wa ya ɗauka.

"Ba kowa," in ji tsohuwar. "Waɗanda ba a ɗauka ba nake wankewa. Sun fi naku yawa."

Ta miƙo mata wata takarda tana ɗiga. Matashiya ce ta sunkuya a kan jaririya tana shinshinar wuyanta. Ta miƙo wata. Matar ce dai, tana tofa addu'a a kan yarinya mai ƙyanda. A ta uku ta yi furfura, ta baje jarida a cinya, ita da ba ta karanta boko, tana shafa 'yan ƙananan baƙaƙen da ke ƙasan hoto, inda ake rubuta sunan wanda ya ɗauka. Inna ce. A kowace takarda, ko dai Kubura na barci ko ba ta nan. Kuka ya zo mata, ba ta hana shi ba.

"Me ya sa ba ta taɓa bari na gani ba?"

"Ido na da nauyi, 'yata. Ba kowane abu ke iya ɗaukarsa ba."

Ta ƙanƙame takardar za ta sa a aljihu, sai ta narke ta bi yatsunta ta koma rafi. Ta ɗaga kyamara, kyamarar ta runtse ido ta ƙi buɗewa. A ƙetaren ruwa ta hango Tasalla ta rufe fuska da tafuka, jaridu na kewaya kanta suna neman wurin sauka. Can bayanta yara a kan rufin makaranta na ɗaga wa jaridun hannu su zo. Kubura ta ɗora yatsa a kan maɓalli, maɓallin ya fara kuka, yana ƙara kuka.

Wayarta ce. Kafin ta buɗe ido ta ji wani abu mai sanyi, kamar tafin hannu, ya janye daga goshinta. Da ta buɗe, Inna na bakin ƙofa ta juya baya, faifai a cinya tana tsintar shinkafa.

"Ke, abin nan naki ya ishe mu."

Kubura ba ta ɗauki wayar ba. Ta jawo kyamara, ta nemo hoton, ta miƙa wa Inna, ta faɗa mata abin da Tasalla ta roƙa da abin da Malam Haladu ke so. Inna ta daɗe tana kallo. Ta tambaya ko ɗan ya rayu, aka ce ya rayu. Ta tambaya ko ya ga uwar tasa a haka, aka ce a sume yake.

"To, ba na jarida ba ne," in ji Inna. "Ki wanke guda ɗaya ki kai wa ɗan. Ki ba shi ba a gaban mutane ba, kuma kada uwar ta sani."

Ta ajiye kyamarar, ta koma tsintar shinkafar da babu sauran tsakuwa a cikinta.

Kubura ta tura hoton yaran kan rufi. Malam Haladu ya bugo waya ya ce hoton rufi kowace jarida na da shi, da wuya ya tayar da ko mota ɗaya. Ta ce ta sani, za ta koma Tunga da ta miƙe, ta kuma sake komawa har sai ya tayar. Ya yi tsaki ya kashe.

Ta kwanta, ta juya fuska ga bango, ta rufe ido, ta sassauta numfashi irin na mai barci. Ba a daɗe ba ta ji an ajiye faifai.