Inci Biyu a Kafaɗar Mama Beatrice

Saura ƙiris Lai'atu ta fasa rubuta awon nan. Fensir na hannunta, amma ta kasa aza shi a kan takarda.

Watanta uku da barin Nok tana koyon ɗinki a shagon Madam Agatha, kusa da kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa a Kafanchan. Ɗinkinta a miƙe yake, sai dai da an ce awo za ta sulale bayan keken ɗinki. A gidansu yarinya ba ta kallon babba ido da ido, balle ta zagaya ƙirjinsa da tef. Ita kuwa Madam Agatha, wadda ta dawo daga Inugu bayan yaƙin basasa, kowa rungumarsa take yi da tef tana zolaya da karyayyar Hausarta: matar fasto, Bayarabiya mai burodi, har Fulani masu tallan nono.

"Kai Lai'atu," ta ce mata, "tela da ba ya taɓa mutum, ba tela ba. Kafin Kirsimeti in ba ka auna ba, koma Nok ka tsaga citta."

Ranar Talata Mama Beatrice, matar wani direban jirgi, ta kawo yadi. Madam ta rataya wa Lai'atu tef a wuya ta koma kan keke.

Lai'atu ta auna ƙirji da ƙugu. Matar tana ƙamshin man ja da sabulu, kamar dai innarta. Da ta zo kafaɗa sai ta tsaya. Ta sake aunawa. Ta hagu ta sauka ƙasa da ta dama da inci biyu. Yaya za ta rubuta aibin babba, mai shi tana kallo?

"Me ka gani, 'yata?" in ji Mama Beatrice, da Hausarta irin ta Madam.

"Mama, ba daidai suke ba," ta ce, murya can ƙasa.

Matar ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. "Agatha, shekara huɗu kana ɗinka mini riga, wuya yana karkacewa, kana cewa laifin yadi ne."

"Na gani tun tuni," in ji Madam. "Bakinka nake tsoro."

Mama Beatrice ta dafa kafaɗar. Ta ce lokacin yaƙi a nan ta ɗauki ɗanta Ndubuisi, wata biyar daga daji zuwa daji, don bayanta akwai jaririya. Yanzu yaron yana aji huɗu, ya fi kowa cin tuwo.

"Rubuta shi," in ji Mama Beatrice. "Ba abin kunya ba ne."

Lai'atu ta ɗago ta dubi fuskarta sosai, karo na farko, sannan ta rubuta: hagu, a rage biyu. Da kanta ta yanka yadin. Kafin jirgin Jos na yamma ya yi kuka ta haɗa rigar, Madam ta juya ta ciki da waje, ba ta ƙara maganar citta ba.

Washegari da safe Jebbu mai nono ta sauke ƙwaryarta a bakin shago, riƙe da yadi shuɗi. Kafin Madam ta miƙe, Lai'atu ta riga ta zaro tef daga wuyanta.

"Inna, ɗaga hannu," ta ce.