Kwamfutar Ƙwanni a Ɗakin Tasalla

Shekara biyu da buɗe boda, Malam Attahiru na sakatariyar Illela ya ɗaura niyyar saya wa ɗansa Hamidu kwamfuta. A lokacin ko ofishinsu babu ita, tafireta ce ke ta ƙwas-ƙwas. Amma Hamidu karatunta yake yi a Sakkwato, inda ɗalibi arba'in ke layi a kan inji uku, ga jarrabawa na jiransa bayan hutu. Malam ya miƙa masa ambulan, ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Ta karatu, Hamidu. Ba ta wasa ba."

"To, Baba."

A kanti a Sakkwato an nuna masa biyu. Ɗaya mai rufewa kamar akwati, da gilashinta a jiki, a ɗauka a tafi. Da mai kanti ya faɗi kuɗinta, Hamidu ya tambaya ko da mota ake haɗawa. Ta biyun irin ta makarantarsu ce, baƙa, ba fara'a, sai an jona ta da talabijin. Ambulan ya isa sayenta, amma ko wasa ɗaya babu a tare da ita.

To, ɗan Illela ko allura zai saya sai ya ji farashin Ƙwanni ta Nijar tukuna. Hamidu ya hau babur ya ƙetara. Can a shagon Na'Allah mai kayan Kwatano ya ga wata fara tas, ta fi ta Sakkwato araha nesa, ga sandar wasa, ga kaset shida. Na'Allah ya kunna masa ɗaya: wata 'yar mota na gudu tana kauce wa shingaye. Hamidu ya riƙe sandar nan har la'asar. Ya ce wa ransa ai kwamfuta kwamfuta ce, da safe karatu, da marece wasa, wa zai sani?

Allah ya taimake shi Malam ya tafi rangadi garin Araba ranar da ya kawo ta gida. Ya zaro waya zai jona, sai ya ga kanta faffaɗa ne, da haƙora reras kamar matsefi, talabijin ɗin Malam kuwa ɗan rami ɗaya gare shi. Ya juya ta dama, ya juya ta hagu, har ya tofa bisimilla. Shiru.

Washegari ya koma Ƙwanni da kwali a kai.

"Talabijin na Faransa taka so," in ji Na'Allah, yana sakace. "Ba ka tambaya ba."

"To amshi abinka."

"Haba ɗan Malam! Kayan da sunka ƙetare boda ba su komowa, ko amarya ta."

Duk unguwarsu talabijin na Faransa ɗaya ne, a ɗakin Hajiya Tasalla, kakarsa ta wajen uwa, wadda ta tsufa tana safarar atamfa tsakanin ƙasashen biyu. Don kallon kokawar Nijar ta sawo shi. Hamidu ya kai kwalin can, ya jona, abu ya kama nan take. Da Malam ya dawo ya tambaya, sai Hamidu ya ce gidan Inna ya fi shiru, kuma injin wutarta ba ya tsayawa. Malam ya gyaɗa kai. Mutumin da ko sunan surukarsa ba ya faɗa, ina zai ja magana a kan ɗakinta?

Kwana biyu Tasalla na kallo daga bakin gado, tana ɓare goro. Rana ta uku ta miƙo hannu.

"Maigida, ba ni sandag ga."

"Tsohuwa, mi kika sani ga wanga abu?"

"Ni? Shekara talatin ina kauce ma shingen kwastan kahin a haihe ka. Matsa, ragon miji."

Sau ɗaya ta yi karo. A karo na biyu ta wuce inda Hamidu bai taɓa kaiwa ba, tana ihu kamar kwastan Nijar ne ke bin ta, "Ga ɗan duwan nan! Ba ka kama ni, ɗan nema!" Tun daga ranar sanda ba ta koma hannunsa ba. Ƙawarta Baraka ta fara zuwa da kujerarta, sannan matan maƙwabta, har da masu goyo. Aikin Hamidu ya koma mayar da kaset baya da zuba wa inji mai.

Ba ya samun kwamfutar sai in ta tada salla. Ga haruffan ba a inda ya saba suke ba, ga littafin bayanin duk Faransanci. Kafin ya lalubo layi biyu ta sallame, tana shafa addu'a da hannu ɗaya, ɗayan na neman sanda.

Ran nan ya ƙule, ya kama waya zai zare.

"Zare," in ji Tasalla, ko kallonsa ba ta yi ba. "Kai ta gidan ubanka ka jona mu gani. Kana tsammanin Na'Allah bai ba ni labari ba? Ni niy yi ma uwatai wankan jego, wancan."

Hamidu ya saki waya. Ya zauna a kan tabarma tsakanin kwanukan jere da buhun gero, yana kallon 'yar motar nan na gudu. In ya fitar da ita, ba ta aiki. In ya bar ta, ba tasa ba ce. In ya faɗa wa Malam, to da wane baki? Kullum da safe Malam sai ya ce, "Ya karatu?" shi kuma ya ce, "Alhamdu lillahi," ya fita da littafi a hammata kamar mutumin kirki.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Malam ya ce bari ya biya ya gaida Inna, ya kuma ji motsin karatun. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya zo ya durƙusa nesa da labule, kai a ƙasa, yadda ya saba shekara ashirin da shida. Daga ciki kuwa abin da ke tashi: ƙiii, ƙiii, ɗum! Sai shewar mata.

"Wa an nan?"

"Ni ne, Inna. Barka da Juma'a."

Hamidu ya leƙo, ya ga hular ubansa. Ya yi wa tsohuwar alama da ido, yana haɗa hannuwa. Ta yi masa murmushi da jan haƙoranta.

"A'a, Malam! Allah shi yi ma albarka, kai da ɗanka. Yaron ga ya san darajar tsohwahhi. Yaƙ ƙi ta Sakkwato, yat tahi Ƙwanni takanas yaz zaɓo wadda ba ta kamawa ga talabijin kowa sai nawa. Da kaset shida! Ciwon gwiwa ma na mance da shi."

Baraka ta toshe baki da mayafi. Malam bai ɗago ba.

"Madalla, Inna. Allah shi ƙara lahiya, Inna."

A zaure ya sa takalminsa a hankali, Hamidu na tsaye kamar an dasa shi.

"Tana yi ga talabijin nawa?"

"A'a, Baba."

"Mai ita na amsa?"

"A'a."

"Kana iya hiddo ta daga ɗakin can?"

Hamidu ya girgiza kai.

"To ni ma ba ni iyawa." Malam ya gyara babbar riga. "Za a kawo maka tabarmarka da kayan sawarka. Inna na lazimi bayan asuba har hantsi, nan ne rabonka. Kada in ga ƙahwarka gidana sai da takardar jarrabawa."

Ya fita bai waiwayo ba. Saura kwana goma sha ɗaya a koma makaranta. Hamidu na nan tsaye yana kallon ƙofar waje, sai murya ta taso daga bayan labule.

"Maigida! Kaset ya ƙare. Taho ka maido shi, Baraka na son ta gwada."