Masu Neman Sakina

Ni dai ban taɓa ganin tuzuru mai ban haushi irin Ɗantani ba, kuma wallahi ba wanda na so ya auri ƙanwata kamarsa. Mai gyaran injin ban-ruwa ne a Lajawa, dogo, natsattse, in ya durƙusa gaishe ki har sai kunya ta kama ki. Ƙanwar tawa kuwa, Sakina, ma'aikaciyar jinya ce, ga hankali ga fara'a. Manemanta a Wudil ba a magana: malaman jami'a, dillalan shanu na kasuwar Kara, har da wani mai shagon waya da ke turo mata data ba ta roƙe shi ba. Duk ta sallame su cikin mutunci, saura biyu.

Ɗaya Dakta Nu'uman ne, malami a jami'a, mai farar mota da sanyin murya. Ba shi da makusa, in faɗi gaskiya. Tun zuwansa na farko ya ce aure ya kawo shi. Ɗayan shi ne Ɗantanin nan, wanda ya santa a asibiti lokacin da yake jinyar mahaifiyarsa.

To ga inda matsalar take. A unguwarmu ta Sabon Gari, in saurayi ya zo zance ya tarar da wani, ba ya tsayawa. Sai ya yi sallama, ya ba da hannu, ya juya, sai wata rana. Kara ce, kowa na yi. Amma Ɗantani ya ɗauke ta kamar farilla. Kafin ya rufe rumfarsa, ya yi wanka, ya taho daga Lajawa bayan la'asar, Dakta ya riga shi. Sai ya sauka daga babur, ya gaisa da Dakta har da tambayar mutan gida, ya hau ya koma. Kullum! Kai, wannan bawan Allah ya ci min rai.

"Ki kira shi a waya mana," na ce da ita.

"Na kira, Yaya Suwaiba. Ya ce maganar aure ba ta waya ba ce, sai a ƙofar gida da sanin Baba."

"To ya tsaya a ƙofar gidan mana! Ko mu ɗaure shi da igiya?"

Ta yi dariya, amma idonta ya kawo ruwa.

Ana haka Baba ya kira ta. "Sakina, ba matsa miki nake ba, amma tsayuwar ƙofar gida ta isa haka. Ranar Juma'a in na dawo daga kasuwa, ki faɗa min wanda zai turo magabatansa."

Ta yaya mace za ta ambaci sunan mutumin da bai taɓa buɗe baki ya ce yana sonta ba? Na san Sakina. Dakta za ta ambata, ta zauna da shi lafiya, ta haɗiye sauran a cikinta.

Ranar Alhamis na tsaya a soro, na ci ɗamara, na ce yau ko za a ce ba ni da kunya sai na tare shi. Dakta da Sakina suna tsaye a jikin mota. Sai ga ƙarar babur. Ɗantani ya sauka, ya yi sallama, ya ba da hannu, ya juya kan babur kamar yadda ya saba. Na buɗe baki ke nan, sai na ji muryar Dakta.

"Sakina, duk sanda babur ɗin nan ya shigo layinku, sai ki daina jin abin da nake faɗa. Shi ne?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Can ta ce, "Ka yafe ni, Dakta. Shi ne."

Jama'a, ban taɓa ganin irin wannan ba. Mutum da shaddarsa, da digirinsa, ya dafe hula ya bi babur da gudu yana kira, "Malam! Malam Ɗantani!" Mata na leƙowa ta katanga, bai damu ba. Sai da ya kama bayan babur ɗin, ya riƙo hannun Ɗantani ya dawo da shi yana haki.

"Ka daɗe kana ba ni wuri," ya ce masa. "Yau ni zan ba ka. Kuma don girman Allah ka yi magana, gobe Juma'a."

Ɗantani ya rasa bakin godiya, sai "Dakta... Dakta..." yake ta yi. Dakta kuwa ya juyo gare ni da murmushi.

"Yaya Suwaiba, a gaida min Baba. Allah ya sanya alheri."

Ni da na fito yin masifa, sai ga ni ina share hawaye da gefen zani. A bayana na ji Ɗantani ya yi gyaran murya ya fara, "Sakina, da ma na jima ina so in ce..." Amma ban juya ba, motar nake kallo. Ta tafi a hankali har ƙarshen layi, inda Dakta yake zaton ba mai ganinsa. A nan ya tsaya, ya kifa kansa a kan sitiyari.