Labulen Makka a Injin Wanki

A gidan Alhaji Badamasi da ke Faskari akwai abin da kowa ya san ba a taɓawa, wato labulen ɗakin marigayiya Hajiya Adama. Guda biyu ne, ɗaya a ƙofa ɗaya a taga, karan-miski ja mai duhu, masu nauyi kamar bargo. Daga Makka ta zo da su shekarar da ta sauke farali. Tun daga lokacin, duk safiyar Juma'a sai ta kafa kasko a ƙarƙashinsu, ta barbaɗa turaren wutan da take haɗawa da hannunta, ta ja ƙofa har hayaƙin ya shige zaren ya zauna. Tun daga zaure mutum yake sanin gidan da ya shigo.

Da ta rasu, Alhaji ya ɗauki buzunsa da carbinsa ya koma ɗakin nata, ya saki labule, ya zauna a duhu. Bai yi wa kowa kuka ba, kuma bai yi ƙorafi ba, sai dai ya daina fitowa tsakar gida. Ciwon ƙafa ya ba shi uzurin yin salla a ɗaki, in ban da ranar Juma'a da ɗansa Hadi ke kai shi masallaci a babur. Ko a ranar ma kansa a ƙasa yake ratsa gidan, sai ka ce baƙon da ke jin nauyin masu gida.

Fiddausi matar Hadi ce ke kai masa abinci. Da yake suruki ne, ba ta shiga in yana ciki. Durƙusawa take yi a bakin ƙofa, ta gaishe shi ta bayan labule, ta ɗaga gefensa kaɗan ta tura kwano. A nan durƙushe ta taɓa jin yana gaya wa Hadi, a hankali, cewa har yanzu ɗakin na ƙamshin Hajiya, kuma in ya rufe ido sai ya ji kamar fita ta yi unguwa. Tausayinsa ya kama ta ƙwarai, domin ita da ke share ɗakin ta san ƙamshin ya soma gudu.

Sai ta tuna da kwalbar turaren da ta gani a ƙasan akwatin marigayiyar. Daga wannan makon, da zarar ƙarar babur ta bar ƙofar gida ranar Juma'a, sai ta ɗebo garwashi, ta barbaɗa ɗan abin da yatsu biyu suka kama, ta ja ƙofa yadda Hajiya ke yi. Ƙarya dai ba ta yi wa kowa ba, amma gaskiyar ma ba ta faɗa ba.

Kwalba kuwa ba rijiya ba ce. Bana da damina ta ja kaya, abin da ya rage a gindinta bai wuce na turarawa ɗaya ba. Ta gwada na kasuwar Sheme, ta aika an sayo mata na Funtuwa, duk ta shinshina ta ajiye. Hajiya ba ta koya wa kowa haɗin nata ba, ta tafi da abinta.

Ga kuma tari. Ruwan bana ya jiƙa bangon ɗakin, funfuna ta kama bayan labulen ta yi tabo-tabo, ƙurar shekaru ta kwanta a ninkin karan-miskin. Alhaji ya riƙa tari har ana ji daga madafa. Maƙwabciyarsu Esther, wadda ke aiki a ɗakin shan magani, ta leƙa ta gaishe shi, da ta fito ta ja Fiddausi gefe ta ce ko buhun magani aka ba tsohon nan, in dai yana shaƙar labulen can, aikin banza ne.

Hadi ya gwada yi wa mahaifinsa zancen wanki. Alhaji ya nuna masa ɗan farin ƙyallen da aka ɗinka a bakin labulen, mai rubutun Turanci.

"Ai an rubuta a jikinshi, ba a sa mashi ruwa," in ji shi.

Mutumin da likita zai rubuta masa ya rage gishiri ya ce rubutun boko ne, shi ne yau ya zama mai bin doka sau da ƙafa. Hadi ya karanta ƙyallen ya ga haka ne, sai an kai wa masu dirai-kilin, waɗanda ke wanki da sinadari ba da ruwa ba. Mafi kusa kuwa suna Funtuwa. Fiddausi ta auna abin a ranta. Labulen zai kwana biyu a can, Baba na zaune ƙofa a buɗe, sa'an nan ya dawo yana warin maganinsu. Amma Esther na da injin wanki da take tayarwa da sola. In aka wanke da safe, ya bushe, ta turara shi da ragowar kwalbar, Baba zai sami labule mai tsabta da ƙamshin matarsa a jiki, ko da sau ɗaya ne na ƙarshe. Abin da zai biyo baya kuma ta bar wa Allah.

Dama ta samu lokacin da Hadi ya shawo kan Alhaji ya yarda a kai shi Ƙanƙara a duba ƙirjinsa, su kwana gidan 'yarsa Fatima Zahra'u. Suna fita Fiddausi ta hau turmi ta sauke labulen. Ta goya 'yarta ta nufi gidan Esther.

Yarinyar nan an haife ta ne jim kaɗan bayan rasuwar, aka mai da mata sunan kakarta. Tun da Fiddausi ba za ta iya kama sunan surukarta ba, sai ake ce mata Hajiya ƙarama. Alhaji ya yi mata huɗuba a kunne, ya sa albarka, ya miƙa ta, kuma tun daga ranar bai sake cewa a kawo ta ba. In ta rarrafa wajen ƙofarsa, uwar kan yi wuf ta ɗauke ta don kada ta dame shi.

Esther ta juya ƙyallen rubutun ta taɓe baki. Ta ce ita dai da nata ne ba za ta sa a inji ba, amma in ya zama dole, to ruwan sanyi, sabulu kaɗan, kada a bari injin ya daɗe yana juyi, a kuma shanya a inuwa. Ta nuna mata inda ake murɗawa, ta ɗauki jakarta ta tafi aiki.

Ruwan farko ya fito baƙi ƙirin. Na biyu ma haka. Fiddausi ta ɗaga labulen ta ga tabon funfuna na nan daram, ta kuma tuna tarin Baba. A gidansu a Tafoki, inda ta tashi, ruwan sanyi na wanke datti ne kawai, cuta kuwa sai ruwan zafi. Da shi ake wanke kayan jego, da shi ake wanke zanen majinyaci, kuma ba ta taɓa ganin ya ci amanar kowa ba. Ta hura wuta a murhun Esther, ta tafasa babbar tukunya, ta juye a injin, ta murɗa har ƙarshe. Da ta ga ruwan ya koma ja kamar zoɓo, sai ta lallashi kanta da cewa datti ne ke fita. Inuwa kuma ba za ta busar da abu mai kaurin nan kafin gobe ba, don haka ta baza shi a igiya, rana ta yini a kansa har yamma, da safe ta ƙara.

Da ta hau turmi ta mai da na ƙofa, sai ta sauko ta tsaya tana kallo. Labulen da dā yake sharar ƙasa ya ɗangale, ya bar fiye da taƙi guda tsakaninsa da daɓe. Jan ya koɗe, gashin karan-miskin ya kwanta, shafin baya ya tattare. Ta ja shi da hannu biyu, ta sake ja. Ta sauko da ƙusa, sai sama ta buɗe. Ta kai hancinta, ba ta ji komai ba sai sabulu.

Ta ɗebo garwashi a kasko, ta buɗe kwalbar, ta daɗe tsugune. Turare dai ba zai ƙara wa labule tsawo ba. Kuma ɗan abin da ya rage ba nata ba ne, balle ta ƙone shi don rufe ɓarnar da ta yi. Ta mai da murfin ta bar garwashin ya mutu.

Bayan la'asar suka dawo. Alhaji ya dogara sandarsa har bakin ɗakin, ya tsaya. Ya shafa labulen, ya kai shi fuskarsa, ya daɗe a haka, sa'an nan ya shige ciki. Hadi ya dubi matarsa, ita kuwa ta kasa dubansa.

Ta zo ta durƙusa inda ta saba. Ta yi masa sannu da hanya, ta tambayi jiki, sa'an nan ta gaya masa komai: injin, ruwan zafin, da kaskon kowace Juma'a. Ta tura kwalbar ta ƙarƙashin labulen, yau ko ɗaga shi ba ta yi ba. Ta ji ya buɗe murfin.

"Tun yaushe?"

"Tun bayan arba'in, Baba."

"Ni kuwa ina ce..." Bai ƙarasa ba.

Baƙin ciki ya cika Fiddausi, ta ga da hannunta ta raba tsohon da matarsa karo na biyu, hawaye suka zubo mata. Garin haka ta manta da yarinyar da ta ajiye a tabarma. Hajiya ƙarama ta miƙe, ta taho tana tangaɗi, ta wuce uwarta ta tsaya daf da ƙofar. Hasken yamma da labulen ya saba tarewa ya shiga ta ƙasa ya kwanta a daɓen ɗakin, kuma a cikinsa ga 'yan ƙafafu biyu, buɗu-buɗu da ƙasa.

"Ƙafar wa nike gani?" in ji Alhaji.

"Hajiya ƙarama ce, Baba. Bari in ɗauke ta."

"Ta fara tahiya?"

"Tun kafin a cire masara."

Fiddausi ta miƙa hannu za ta janye ta, sai ta ji ya ce ta ƙyale ta. Ta ji ƙarar kwalbar ya ajiye ta a gefen buzu. Sa'an nan ya yi gyaran murya, ya yi magana da irin zolayar da kaka ke yi wa jikarsa, wadda rabon gidan da jin ta tun Hajiya na raye.

"Uwargida, hushi kike da ni? Shigo mana."

Yarinyar ta kama bakin labulen, ta sunkuya, ta shige ta ƙasa abinta. Fiddausi na durƙushe tana jin tana ƙoƙarin ƙwace carbin, shi kuma yana ce mata a hankali, a hankali.

"Ɗiyata," ya ce, "ɗage labulen nan duka. Ba ni ganin huskarta."

Fiddausi ta tashi, ta tattara shi da hannu biyu, ta saƙale shi a saman ƙofa.