Sai An Ci Ake Ci Gaba

Shekara da shekaru tana dafa wa asibiti abinci, amma babu mahaluƙin da zai rantse ya taɓa ganin loma ta shiga bakinta. Ita ce babbar kuku a kicin ɗin da ke bayan ɗakin wanki, inda kowace tukunya ta isa a yi wa yaro wanka a ciki. In za ta ɗanɗana gishiri sai ta juya wa masu wanke-wanke baya, ta fuskanci bango kamar mai laifi. Abincinta na rana kuwa a ɗakin ajiya take ci, a tsaye, tsakanin buhunan shinkafa da jarkokin mai, ƙofa a rufe. A wurin aiki Babbar Kuku ake ce mata. A gida sunanta Rumbu.

Yayarta ce ta raɗa mata shi. Uwarsu ta rasu suna ƙanana, Yaya ta riƙe gidan tun ba ta isa riƙe kanta ba. Wata rana aka yi baƙi, ana cin abinci, yarinyar ta cinye nata ta miƙa kwano ta ce a ƙara mata. Yaya ta dubi baƙin ta ce kada su ga laifinta, ai wannan ba yarinya ba ce, rumbu ne, ko me aka zuba sai ya shige. Aka kwashe da dariya. Baƙi suka tafi da dariyarsu, suna ya zauna. Daga ranar ba ta sake neman ƙari ba, ba ta kuma sake tauna a gaban mutane ba matuƙar da yadda za ta yi. Abin haushin shi ne Yaya ba muguwa ba ce. Irin mutanen nan ne da za su kwana a kujera suna jinyarka, gari na wayewa su gaya maka kai ka jawo wa kanka.

Gudu kuwa likita ne ya jawo shi. Ya auna jininta ya ga ya hau, ya ce ta riƙa tattaki. Ta fara zagaya filin makarantar da ke kusa da gida kafin ta tafi aiki, tattaki ya zama sassarfa, sassarfa ta zama gudu. A can ta haɗu da wasu 'yan gudu da ke taruwa ƙarƙashin wani busasshen dattijo, tsohon malamin motsa jiki, wanda kowa ke kira Koci. Jini ya sauka, numfashi ya yi tsawo, amma jiki yana nan kusan yadda Allah ya yi shi. Duk lokacin da Yaya ta zo sai ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa, ta ce ita dai duk wannan gudun ba ta ga inda ya tafi ba.

Saboda wannan maganar ce, ba don wani abu ba, ta sa sunanta ranar da aka sanar da dogon tseren. Kilomita sittin ne, a kan tsaunukan bayan gari, a tashi da sassafe, a gama kafin rana ta faɗi. Akwai wata bas da ke bin sahu a hankali tana kwashe duk wanda lokaci ya ƙure masa, 'yan gudu suna kiranta Tsintsiya. Rumbu ta ce in dai tana numfashi, wannan tsintsiyar ba za ta share ta ba.

Koci bai yi mata dariya ba, ya dai sa ta sayi takalmi da ya fi ƙafarta girma kaɗan, don ƙafa kumbura take yi a doguwar hanya. Ya koya mata shafa basilin a duk inda fata ke gogar fata. Ya hana ta gudu a hawan tudu, ya ce a taka da ƙafa a hau, jarumtar banza ce ke kashe mutum tun rana ba ta take ba. Ranar hutunta ta yi dogon gudu, washegari ta sake fita da gajiyar jiya, don ƙafa ta saba aiki ba da son ranta ba. Farcen babban yatsanta ya yi baƙi ya fita. A kicin tana juya tukunya tana jingina da tebur, masu wanke-wanke na tsokanarta wai Babbar Kuku ta koma tafiyar agwagwa. Duk wannan ta shanye shi ba ƙorafi. Abu ɗaya ne kawai ya gagara.

Koci ya ce kowa ya ɗaura ƙaramar jaka a ƙugu, ya zuba ayaba da dabino da dafaffen dankali da ɗan gishiri, a riƙa ci ana tafiya, kaɗan-kaɗan, tun yunwa ba ta yi sallama ba. Sauran suna gudu suna tauna suna hira, baki cike, ko a jikinsu. Ita kuwa ta ɗaura jakar, ta kai ta, ta dawo da ita. Har ranar da suka yi gudu mafi tsawo, a kan hanyar dawowa, ƙafafunta suka zama kamar na aro, gari ya fara juyawa, sai ga ta zaune a gefen titi ba ta san lokacin da ta zauna ba. Koci ya zuge jakar ya ga ayaba ta dame da dabino, ba a taɓa ko ɗaya ba.

"Baiwar Allah, wa kike wa ajiyar wannan?"

Ta ce ba ta jin yunwa.

"Ke da kike ciyar da asibiti guda, ni zan gaya miki da ruwan ciki ake jan na rijiya? Gajeren tsere na ƙafa ne. Wannan na ciki ne. Ba ki ji yadda ake faɗa ba? Ci gaba. Ci ne a farko. Wanda bai ci ba, ba ya ci gaba."

Ta ji maganar, amma ta yi mata dabara irin tata. Sai ta riƙa jan jiki baya kamar igiyar takalmi ta kwance, ta bar su su yi nisa, ta cusa dankali a baki da sauri, ta goge leɓe, ta cim musu. Ciki ya saba, ƙarfi ya dawo. Koci ya lura, ya ce mata ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar tsere babu ɗakin ajiya a hanya, teburan abinci ne a bakin titi da mutane kewaye. Ta ce in ranar ta zo za ta san yadda za ta yi.

Labarin faɗuwar ya kai kunnen Yaya, don irin wannan labari ba ya rasa mai kai shi. Ta zo gidan da yamma, ko zama ba ta yi ba. Ta ce mace da furfura a ka tana tsalle a titi kamar wadda aka biyo, yanzu har an kai ga faɗuwa. Ta ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ta je ta cire sunanta. Rumbu tana zaune ƙafafunta cikin bokitin ruwan sanyi, ta ce ba za ta cire ba. Wannan ne karon farko da ta ce wa Yaya a'a ba tare da ta haɗa da ban haƙuri ba, har ita kanta ta ji abin wani iri a bakinta. Yaya ta ɗauki makullin motarta, ta ce to shi ke nan, za ta je ta jira a rabin hanya, don in ta zube a samu na gida ya ɗauke ta.

Ranar tsere aka tashi da sanyin safiya. Abin da Koci ya faɗa shi ya faru. Teburin farko cike da 'yan kallo, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto. Ta kurɓi ruwa ta wuce, ta ce sai gaba. A gaba kuma ko'ina da mutum, wani a gefenta, wani a bayanta yana haki, masu shaguna sun fito ƙofa. Dabino biyu ta samu ta jefa a baki a wata kwana, shi ma kamar mai sata. Tebur na biyu ta sake cewa sai gaba. Rana ta ɗaga, zufa ta bushe a fuskarta ta bar farin gishiri. Kafin ta kai rabin hanya ta gane alamun, don ta taɓa haɗuwa da su: ƙafa ta yi nauyi, kai ya yi fayau, zuciya ta fara ba ta shawarar ta ɗan zauna.

Babban teburin rabin hanya yana gaban wata tashar mota, a gindin tudu mafi tsawo. Mutane sun fi na ko'ina yawa. Ga tire-tire na dankali, ga kwanon gishiri, ga ayaba a yanke, ga burodi da zuma. Ga kuma Yaya tsaye kusa da teburin, ta bar ƙofar motarta a buɗe. Rumbu ta waiga, can ƙasa a lanƙwasar hanya ta hango Tsintsiya tana tahowa a hankali.

"Ya isa haka," in ji Yaya. "Dubi fuskarki. Shigo mu tafi gida, ba wanda zai ce ba ki yi ƙoƙari ba."

Kujerar motar ta yi mata kyau a ido, ba ƙarya. Ta san sarai abu biyu ne a gabanta, ko ta shiga motar nan, ko ta ci abinci a gaban mutumin da ta fi jin nauyin ci a gabansa duk duniya. Ta miƙa hannu ta ɗauki dankali, ta dangwala a gishiri. Jikinta da kansa ya fara juyawa wajen bangon tashar, yadda ya saba a kicin. Sai wani baƙin ciki ya taso mata, na shekara arba'in, ta ji haushin bangon, ta ji haushin ɗakin ajiya da buhunansa, ta ji haushin baƙin nan da ko fuskarsu ba ta tunawa. Ta juyo ta fuskanci Yaya, ido cikin ido, ta kai dankalin baki.

Ta tauna, ta haɗiye, ta ɗauki wani. Ta ci ayaba. Ta ci burodi har zuma na bin haɓarta. Ba ta rufe baki da hannu ba.

Yaya ta rage murya. "Rumbu, mutane fa na kallonki."

"Su kalla, Yaya," ta faɗa da abinci a baki. "Ai ke kika ce rumbu ne. To yau za a ga amfaninsa."

Ta cika jakar ƙugunta, ta kama tudu.

Kada a ce ƙarfi ya sauko mata nan take, abinci ba allura ba ne. Tudun nan da ƙafa ta hau shi, hannu a gwiwa, tana tsine wa wanda ya zana hanyar. Amma kafin ta kai samansa gari ya daina juyawa. Daga nan duk teburin da ta tarar sai ta tsaya ta ci a gaban kowa, wani lokacin har ta zaɓi wanda ya fi ƙura mata ido ta yi masa sannu. Cinya ta ɗaure ta lasa gishiri ta saki. Ƙafar hagu ta yi bororo ya fashe. Ta wuce ƙattin samari zaune a gefen hanya, sun haɗa kai da gwiwa suna jiran Tsintsiya, ba ta yi musu dariya ba don ta san abin da suke ji. Sannu ba ta hana zuwa, amma rana ma ba ta jira, ta yi ja ta sunkuya, ƙarar bas ɗin kuma ta fara isowa kunnenta.

Da ta iso teburin ƙarshe jakarta babu komai, teburin ma na gaba sun share shi, sai ruwa da ɓawo. Ga sauran tafiya, kuma ta ji alamun nan suna dawowa. Sai ta ga motar Yaya a gefen hanya, wannan karon ƙofa a rufe. Yaya na tsaye da leda a hannu, ta riga ta ɓare ayaba guda. Ba ta kalle ta daga sama har ƙasa ba. Ta miƙo kawai.

"Ungo. Ci."

Tun da suke, Rumbu ba ta taɓa jin wannan kalmar daga bakin nan ba. Ta karɓa ta cinye a loma uku. Direban Tsintsiya ya danna hon a ƙasan hanya. Ta miƙa hannu, tafin a buɗe, kamar yadda ta taɓa miƙa kwano.

"Ƙara min."

Yaya ta tsaya cak. Ta gane, don ita ma ashe ba ta manta ba. Ta ɓare ta biyu, ta ɓare ta uku, ta tura sauran cikin jakar ƙugun ƙanwarta ta ja zip ɗin da kanta, hawaye na zuba ba ta share ba. Rumbu ta juya ta kama hanya, kumatu cike, tana ɗingishi.

"Ci gaba!" Yaya ta ɗaga murya a bayanta, a gaban duk mutanen wurin. "Ci gaba, ƙanwata!"

Ba ta san wanne Yaya ke nufi a ciki ba, cin ko tafiyar. Sai ta yi duka biyun, kuma haka ta tsallake layin ƙarshe, rana na dab da faɗuwa, Tsintsiya na bayanta, ɓawon ayaba a hannunta.