Na'ura Ta Ce Ya Zauna

Mijina malamin fiziks ne, kuma tun ranar da ya yarda cewa duniya ba ɗaya ba ce na rasa ta inda zan kama shi da laifi. A cewarsa, duk lokacin da ƙwayar zarra ta samu hanya biyu a gabanta, duniya rabewa take yi, kowace hanya da tata duniyar, kowace duniya da irinmu a cikinta. In na yi maganar famfon kicin da ke ɗiga sai ya ce, "Kwantar da hankalinki, akwai duniyar da na riga na gyara shi."

"To a aiko min da wancan mijin," nakan ce, ina tara bokiti.

A ɗakin gwajinsu akwai na'urar da ke harba ƙwayar haske kan wani madubi. In ta ratsa, koriyar fitila ta kama, in ta dawo, ja. Da ita yake yanke shawara, har ta rigar da zai sa. Wai duk zaɓin da ya bari, wani shi ya yi shi a wata duniyar.

Ranar Talata aka kwantar da yayansa a asibiti, ciwon zuciya, likita ya ce 'yan uwa su zo. Shekara huɗu ke nan ba sa ga-maciji, a kan wata baƙar magana da su kansu sun manta mafarinta. Mijina ya tafi wurin na'ura, ya dawo yana kallon takalminsa.

"Ja ta ba ni, wato in zauna. Amma wani ni yana can gefen Yaya yanzu haka."

"Sau nawa ka danna?"

"Sau uku."

Haushi ya kama ni, tausayi ya biyo baya. Wanda ba ya son zuwa ai ba ya danna sau uku. Na ɗauki makullin mota.

"Malam, wancan Yayan ya samu ƙanensa. Na nan fa, wa zai je masa?"

Mun tarar da Yaya kwance, da robar iska a hanci. Ya daɗe yana kallon ƙanensa da ya toge a bakin ƙofa.

"A'a, Farfesa! Na'urar taka ce ta ba ka izini?"

"Ba ta ba ni ba, Yaya. Cewa ta yi in zauna."

Yaya ya miƙo hannunsa mai allurar ruwa.

"To wannan zuwan naka ne ke nan. Jawo kujera."